Yadda Ɗalibi Zai Yi Karatu da ChatGPT da Makamantanta Ba Tare da Ilimin Ya Kuɓuce Masa Ba

Tun da aka fitar da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, daga baya kuma Meta AI ta shigo cikin WhatsApp ɗin kowa, tambaya ɗaya ce masu karatu suke ta maimaitawa, musamman ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da kuma iyayen da 'ya'yansu ke shirin WAEC da NECO da JAMB: ta yaya za a yi amfani da waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira wajen karatu ba tare da sun kashe wa ɗalibi zuciya ba? Wasu so suke yi a ce musu a kaurace wa abin gaba ɗaya, wasu kuma hanyar kwafe amsa ba tare da an kama su ba suke nema. Ban ga alheri a cikin ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ya raba ɗalibin da ya ƙaru da wanda ya cutu shi ne yadda ya jera aikinsa, wato abin da ya fara yi da kansa, da gaɓar da manhajar ta shigo, da abin da ya rufe karatun da shi. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa wannan tsari, kuma ba a so a tsallake ɗaya a faɗa wa na gaba. Zan riƙa cewa "ka" domin sauƙin magana, amma ɗalibi da ɗaliba duk da su nake.

Mataki na 1: Ka san dokar malaminka

Kafin ka buɗe kowace manhaja domin jinga ko kundin kammala karatu, ka nemi sanin abin da malamin darasin ya yarda da shi, domin malamai sun sha bamban ko da a cikin sashe ɗaya suke. Wani ya yarda a nemi ƙarin bayani amma bai yarda a karɓi ko jimla ɗaya ba, wani ya yarda a gyara nahawun Turanci, wani kuma ya hana gaba ɗaya. Tambayar ta kasance a fayyace, kamar ka ce, "Allah ya ƙara wa Malam lafiya, shin an yarda mu nemi bayanin darasi a wajen ChatGPT, kuma idan mun yi, a ina za mu ambata a cikin aikin?" Idan kana jin nauyin tambaya, wakilin aji ya yi ta a madadin kowa, sannan ya rubuta amsar a zauren ajin domin kada a yi musu daga baya.

Gargaɗi: shirun malami ba izini ba ne. Miƙa rubutun da ba naka ba da sunanka satar fasaha ce a dokar kowace makaranta, ko ɗan Adam ne ya rubuta maka ko manhaja.

Mataki na 2: Ka tanadi kayan aiki, ka kuma lissafa kuɗinka

Kayan aiki na farko littafin rubutu ne da biro, kuma ka ware littafi ɗaya domin wannan aiki kawai, ka riƙa sa kwanan wata a saman kowane shafi. Amfanin wannan kwanan wata zai bayyana a mataki na ƙarshe. Sai littafin darasin ko bayanan lakca, sannan waya ta zo ta uku.

Game da manhaja kuwa, ChatGPT na kamfanin OpenAI, da Gemini na Google, da Copilot na Microsoft, da Claude na Anthropic, duk suna da tsarin kyauta, kuma tsarin kyauta ya ishi ɗalibi yin duk abin da ke cikin wannan jagora. Babban tsarin biya na ChatGPT da aka fi sani dala 20 ne a wata, kuma a ganina ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci da na mota zuwa mazaunin jami'a na dindindin ya fi kyau ya sa wannan kuɗi a littafi. Tsarin kyauta yana da iyakar saƙonni, bayan ta cika sai a dakatar da kai na wani lokaci ko a mayar da kai kan ƙaramin samfurin manhajar wanda bai kai na farko ƙarfi ba, saboda haka ka tara tambayoyinka a takarda kafin ka buɗe. Hira da rubutu ba ta cin data sosai. Abin da ke cinye ta shi ne ɗora hotunan shafuka da yawa da magana da murya, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, wannan lissafi ya zama dole. Haka nan a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, waya tana zafi kuma caji yana saurin ƙarewa. Dabara ita ce ka yi aikin takarda a lokacin da babu wuta, ka ajiye cajinka domin 'yan mintunan da kake buƙatar manhajar da gaske.

Gargaɗi: akwai manhajojin bogi masu kama da na gaskiya a Play Store, wasu suna neman kuɗi tun daga ranar farko. Ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar kafin ka sauke. Kada ka sayi kalmar sirrin asusun da mutane da yawa ke tarayya a kansa, domin duk abin da ka rubuta sauran za su iya gani. Kada kuma ka rubuta lambarka ta NIN ko BVN, ko ka ɗora takardar da ke ɗauke da sunan wani, kuma ɗaliban likitanci da aikin jinya su kiyaye da bayanan marasa lafiya ƙwarai. Idan da Meta AI ta cikin WhatsApp za ka yi aiki, ka sani cewa saƙonnin abokai suna nan kusa da yatsanka, don haka ka kashe ƙarar sanarwa kafin ka fara. Iyaye kuma su lura cewa ƙa'idar ChatGPT ba ta yarda da yaron da bai kai shekara 13 ba, wanda bai kai 18 ba kuwa sai da yardar iyayensa, kuma shekara 13 ɗin ce UNESCO ta ba da shawara a kai a 2023.

Mataki na 3: Ka fara gwadawa da kanka, waya a kife

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka kife wayar ko ka sa ta a jaka, ka karanta tambayar sau biyu, ka duba abin da malami ya koyar a kanta, sannan ka ba kanka minti 20 zuwa 30 kana ƙoƙarin amsawa a cikin littafinka. Idan lissafi ne, ka bi shi har inda ka tsaya. Idan rubutu ne, ka rubuta ra'ayinka a cikin jimla ɗaya tare da hujjoji uku ko huɗu da kake ganin za su tallafe shi, ko da kana jin ba su yi ƙarfi ba. Idan ka kakare, kada ka tsaya a kan cewa "ban gane ba". Ka rubuta ainihin wurin da ka ɓace, misali, "na san yadda ake buɗe baka biyu, amma ban san lokacin da alamar ragewa ke komawa ta tarawa ba." Wannan jimla ita ce za ka kai wa manhajar.

Dalilin nacewa a kan wannan mataki ba ra'ayi ba ne kawai. Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun yi gwaji a kan ɗaliban sakandare kusan dubu ɗaya a Turkiyya, a darasin lissafi, suka fitar da sakamakon a 2024. Waɗanda aka ba GPT-4, wato ɗaya daga cikin samfuran da ChatGPT ke aiki da su a lokacin, a sake, suna tambayarsa duk abin da suka ga dama, makinsu a lokacin atisaye ya ɗara na waɗanda ba a ba komai ba da kashi 48 cikin ɗari. Amma da aka karɓe manhajar aka yi jarrabawa, sai makinsu ya gaza na waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari. Rukuni na uku, wanda aka ba samfurin da aka tsara ya riƙa ba da haske a hankali ba tare da faɗin amsa ba, shi bai yi wannan faɗuwa ba. Ma'ana, ɗalibin da ake miƙa wa amsa yana jin kamar yana gane karatu, takardunsa na atisaye suna kyau, amma ranar jarrabawa ba shi da abin da zai fitar. Wahalar da kake ji a cikin waɗancan mintuna ashirin ita ce ke kafa karatun, kuma ba a iya ba wani ya sha ta a madadinka.

Gargaɗi: kada ka ce bari ka leƙa amsar tukuna sannan ka yi naka. Da zarar idonka ya ga hanyar da aka bi, ƙwaƙwalwarka ba za ta ƙara neman tata ba, kuma abin da za ka rubuta kwafe ne ko da kalmomin sun canza.

Mataki na 4: Ka ba ta umarnin malami, ka hana ta ba ka amsa

Waɗannan manhajoji an gina su ne su biya wa mutum buƙata da sauri, don haka idan ka liƙa musu tambayar jinga za su amsa ta duka nan take. Kai ne za ka sa musu linzami tun daga saƙon farko. Umarni mai kyau yana ɗauke da abubuwa huɗu: matakin karatunka, darasin da kake kai, ƙoƙarin da ka riga ka yi, da abin da ka hana ta yi. Ga misali, kuma idan da Turanci ake koyar da darasin ya fi kyau ka rubuta shi da Turanci, domin kalmomin da za ka haɗu da su a jarrabawa su zauna maka:

"Ni ɗalibin aji uku ne na babbar sakandare, ina shirin WAEC. Ga tambayar: x² − 5x + 6 = 0. Ga abin da na yi: na raba ta zuwa (x + 2)(x + 3), amma da na gwada amsar ba ta fito daidai ba. Kada ki ba ni amsa. Ki nuna mini layin da kuskurena yake, ki yi mini tambaya ɗaya da za ta sa in gano shi da kaina, sannan ki jira amsata."

Idan ta bi umarnin, za ta ce ka buɗe bakan nan biyu ka ga abin da za ka samu a tsakiya. Kai da hannunka za ka ga 5x mai alamar tarawa, alhali tambayar tana da alamar ragewa, daga nan sai ka gyara zuwa (x − 2)(x − 3), ka samu 2 da 3, ka kuma mayar da 2 cikin tambayar ka ga 4 − 10 + 6 ya ba da sifili. Kuskuren da ka gano ta wannan hanya da wuya ka sake yin sa a zauren jarrabawa.

Idan darasin karantawa ne, kamar tarihi ko ilimin halittu ko shari'a, ka juya al'amarin, kai ka yi mata bayani ita ta yi gyara. Ka ce, "Zan bayyana miki yadda na fahimci wannan babi a cikin jimla goma. Ki faɗa mini abin da na bari, da abin da na faɗa ba daidai ba, amma kada ki sake rubuta mini shi." Idan akwai ra'ayin da ya ƙi shiga kanka, ka nemi ta kawo misali da abin da ka sani, kamar cinikin albasa ko hauhawar farashin raguna gab da babbar Salla idan darasin tattalin arziki ne, sannan kai ka kawo misali na biyu da kanka ka tambaye ta ko ya dace. Tun daga 2025 ChatGPT yana da tsari mai suna Study Mode, Gemini kuma yana da Guided Learning, waɗanda aka yi su domin irin wannan koyarwa ta tambaya da amsa, kuma yana da kyau a kunna su.

Gargaɗi: manhajar tana yawan yabo, kuma tana saurin bin ra'ayin mai magana da ita. Idan ta ce aikinka ya yi kyau ƙwarai, ka ce ta kawo maka rauni uku mafi girma a cikinsa. Haka nan idan hira ta yi tsawo takan saki umarnin farko ta koma ba da amsa, sai ka tunatar da ita ko ka buɗe sabuwar hira. Kuma babu tsarin da zai hana ka cewa "ba ni amsar kawai" idan ka gaji. Wannan ƙofa kai kaɗai ke tsaronta.

Mataki na 5: Ka tantance duk abin da ta faɗa

Manhajar tana harhaɗa kalmomi ne bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, saboda haka takan faɗi ƙarya da irin natsuwar da take faɗin gaskiya, babu wata alama a muryarta. Wurare huɗu ne ya kamata ɗalibi ya fi sa ido.

Na farko manazarta. Idan ka ce ta ba ka littattafai da maƙalu a kan wani batu, tana iya ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da sunan mujalla har da lambar shafi, alhali babu wannan aiki a duniya. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira a matsayin hujja. Ƙa'idar ita ce kada ka sa wani aiki a cikin manazartarka sai ka gan shi da idonka ka karanta wurin da kake kafa hujja da shi. Ka nemi taken a Google Scholar ko a rumbun mujallun Afirka na AJOL, ko ka je Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo idan kana Jami'ar Danfodiyo. Abin da ka nema ka rasa, ka cire shi.

Na biyu abin da ya shafi gida. Iliminta a kan ƙasarmu bai kai wanda take da shi a kan Turai da Amurka ba. Kafin ka dogara da ita a kan tarihi ko labarin ƙasa, ka gwada ta da abin da ka riga ka sani: hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, faɗuwar Alƙalawa a 1808, rasuwar Shehu a 1817 da ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, shigowar Turawa Sakkwato a watan Maris na 1903, ko yawan ƙananan hukumomin jihar, wato 23. Ka kuma lura cewa an cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, Zamfara kuma a 1996, don haka alƙaluman da aka ɗebo daga tsofaffin littattafai suna iya haɗa jihohi uku a kira su da suna ɗaya. Ko da ta ci wannan gwaji, hakan bai wanke ta a kan sauran ba. Mai kundi a kan tarihin Daular Usmaniyya ya nufi Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu.

Na uku addini. Kada ka ɗauki aya ko hadisi ko fatawa daga bakin manhaja ka sa a takarda ko ka yaɗa. Tana iya gauraya lafazi, ko ta jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba, ko ta kawo hukuncin wata mazhaba ba tare da ta ambata ba. Aya a duba ta a Mus'hafi, hadisi a littafinsa, hukunci kuma a tambayi malami, kuma a garin nan malamai ba su yi ƙaranci ba.

Na huɗu Hausa kanta. Hausar waɗannan manhajoji tana ƙaruwa, amma har yanzu sukan yi kuskuren jinsi, su jefar da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, su kuma ƙirƙiro karin maganar da ba Bahaushen da ya taɓa ji. Ɗaliban Sashen Harsunan Nijeriya su riƙe ƙamusu da littattafan nahawunsu.

Mataki na 6: Rubutun jinga da kundi

A nan ne jarabar ta fi ƙarfi, domin cikin minti ɗaya manhaja za ta cika maka shafi biyar da Turanci mai santsi. Jerin da nake ba da shawara a bi shi ne ka tsara ƙashin bayan aikin da kanka, ka karanta majiyoyinka ka ɗauki bayani a littafinka, sannan ka rubuta daftarin farko gaba ɗaya da kalmominka, komai gurguncewar Turancin. Sai bayan nan ne za ka nuna mata, kuma sakin layi ɗaya bayan ɗaya, ka ce ta jera maka kurakuran nahawu ta kuma bayyana dalilin kowanne, kai kuma ka gyara da hannunka. Kurakuran da suka maimaitu ka tara su a shafin ƙarshe na littafinka, domin su ne darasinka na Turanci na wannan zangon. Kana kuma iya sa ta ta tsaya a matsayin mai adawa da hujjarka, ta kawo suka mafi ƙarfi, kai ka amsa. Wannan kyakkyawan shiri ne ga ranar kare kundi.

A 2025 masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka sun sa mutum 54 rubuta insha'i, wasu da ChatGPT, wasu da binciken intanet, wasu da kansu kawai. Akasarin waɗanda suka yi amfani da ChatGPT sun kasa maimaita ko jimla ɗaya daidai daga abin da suka miƙa 'yan mintuna kaɗan da suka wuce. Binciken ƙarami ne, amma duk malamin da ya taɓa zama a kwamitin kare kundi ya san irin wannan ɗalibi, wanda ake tambayarsa abin da ke shafi na goma sha biyu na aikinsa yana kallon rufin ɗaki.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta da shi sam. Idan aikinka a kan noman rani ne, za ta ba ka bayanin da zai dace da kowace ƙasa mai zafi, amma ba ta san abin da manomin fadamar Kwalkwalawa ya kashe a kan man injin ban ruwa a bana ba, ba ta kuma san yadda sakin ruwa daga madatsar Goronyo ya shafi gonarsa ba. Wannan sai ka taka ka je ka gaishe shi ka tambaya, kuma shi ne sashen aikinka da zai fi daraja a idon mai dubawa.

Gargaɗi: kada ka taɓa sa manhaja ta cike maka takardun tambayoyin bincike ko ta ƙirƙiro maka alƙaluma da hirarrakin da ba a yi ba. Wannan ya wuce lalaci, ƙirƙirar ƙarya ce, kuma tana iya jawo kora ko soke shaidar karatu ko bayan an kammala.

Mataki na 7: Ka rufe waya, ka biya karatun

A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo don ya ce ya gane, sai ya biya karatun a gaban malam ba tare da tuntuɓe ba. Haka za ka yi wa kanka a ƙarshen kowane zama. Ka rufe waya da littafi, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta duk abin da ka koya daga ka, ko ka sake warware tambayar daga farko har ƙarshe. Bayan nan ka buɗe ka gwada da na asali, ka ja layi a ƙarƙashin abin da ya kuɓuce maka. Idan fiye da rabi ya kuɓuce, ba ka gama ba, sai ka koma mataki na 4 a kan wannan gaɓar kaɗai.

A wannan mataki manhajar tana da amfani na gaske, domin ba ta gajiya da yin tambaya. Ka ce ta shirya maka tambayoyi goma a kan babin, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ta riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, kada ta nuna amsa sai ka ba da taka. Ya fi kyau ka rubuta amsar a takarda kafin ka tura, domin a zauren jarrabawa da biro za ka yi aiki, masu JAMB kuma ko da yake a kwamfuta suke rubutawa, babu mai taimaka musu a wurin.

Idan kuna da rukunin karatu, ku yi wannan tare, waya ɗaya a hannun mutum ɗaya, kowa ya amsa kafin a ji ta bakin manhaja. A shirin gwaji da aka gudanar a birnin Benin na Jihar Edo tare da Bankin Duniya a watannin Yuni da Yuli na 2024, ɗaliban sakandare sun yi makonni shida suna koyon Turanci da Copilot bayan tashi daga makaranta, suna zama bibbiyu, malamai kuma suna tsaye a kansu, kuma a jarrabawar takarda da biro sun fi takwarorinsu da ba su shiga shirin ba. Iyayen da ke son taimaka wa ɗansu ba sai sun iya manhajar ba. Ya isa su karɓi wayar su ce ya yi musu bayanin abin da ya koya yau da Hausa.

Mataki na 8: Bita da shirin jarrabawa

Abin da aka biya sau ɗaya yakan zube cikin 'yan kwanaki, don haka ka sake biyan babin washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako ɗaya, kowane karo minti goma kawai kuma ba tare da waya ba. Idan jarrabawa ta rage mako biyu, ka mayar da hankali kan tambayoyin shekarun baya na gaske, ka sa agogo, ka amsa su kamar kana zaure, sannan ka kai wa manhajar waɗanda ka faɗi kawai domin bayani.

Gargaɗi: kada ka nemi ta kawo maka tambayoyin WAEC ko JAMB na wata shekara, domin tana iya ƙirƙiro su ta liƙa musu shekara. Kada kuma ka musanya karatun littafi da taƙaitawar da ta yi maka a daren jarrabawa.

Mataki na 9: Ka ajiye shaidar aikinka

Malamai da dama suna amfani da manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura, kuma waɗannan ma suna kuskure. OpenAI da kansa ya janye nasa ma'aunin a watan Yuli na 2023 saboda ƙarancin daidaito, wani bincike na Jami'ar Stanford a wannan shekarar kuma ya nuna cewa irin waɗannan ma'aunai sun ɗauki fiye da rabin insha'in da waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne suka rubuta a matsayin aikin na'ura. Ke nan ɗalibin da ya yi aikinsa da gaskiya ma ana iya zarginsa. Saboda haka kada ka yar da littafinka mai kwanan wata, ka ajiye kowane daftari da sunansa daban a kwamfuta ko a imel ɗinka, kada kuma ka goge hirarrakinka da manhajar. Idan malami ya yarda da amfani da ita, ka rubuta jimla biyu a ƙarshen aikin ka faɗi manhajar da ka yi amfani da ita da abin da ta yi maka, misali gyaran nahawu ko tambayoyin bita.

Gargaɗi: ka nisanci manhajojin da ke sauya kalmomi domin ɓoye rubutun na'ura, da masu shagunan buga takardu da ke tayin yi maka wannan aiki a kan kuɗi. Suna lalata ma'anar jimla, kuma idan aka gano, sun zama hujjar cewa da gangan ka yi.

Idan aka kira ka a kan zargi, ka je da littafinka da daftarorinka da kwafen majiyoyin da ka karanta, ka gaida malam yadda ya kamata, ka ajiye su a gabansa ba tare da jayayya ba, sannan ka roƙe shi ya zaɓi duk shafin da ya ga dama ya yi maka tambayoyi a kansa da baki.